Ranar da Tarho Ya Faɗi Sunana a Majalisa

Tawa, farkon watan Yuni, 1995

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan sabon tulu, shamuwar da in ta sauka manomi ya san wahala ta kusa ƙarewa. Zuwa gare ki, ke da na shekara arba'in da ɗaya ina kira da "ke" kawai, kina amsawa.

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya gaji da cin tuwon maƙwabta, ina gaida Maimuna da mijinta da jaririyar da ta ɗauke mini ke zuwa Damagaram. Na san idonki ba ya son ƙananan baƙaƙe, saboda haka Maimuna ce za ta karanta miki. Maimuna, ɗiyata, ki karanta duka. Kada ki tsallake layi, kada ki rage murya. Abin da Tawa ta riga ta ji ba zan ɓoye wa ɗiyata ba.

Sati uku ke nan ba ki kira ni ba. Arba'in ɗin jego ya cika tuni, amma saƙon da ya zo mini shi ne wai ba ki da fuskar da za ki shigo Tawa da ita. Fuskar nan! Wadda na gani bakin rijiyar Barmu na manta sunan maganin da na zo yi wa shanu? Ita ce za a ɓoye saboda dariyar Sule mai kanti? To zauna ki ji yadda abin ya faru, don rabinsa kawai kika ji, kuma rabin da ba ki ji ba shi ne laifina.

Kin tafi kin bar ni da tsohon tarhon nan baƙi, ɗaure da igiyarsa a ɗakina kamar akuya a turke. Duk wanda zai ɗauke shi sai ya shiga ɗaki, kin sani, na sani. Kwana tara bayan tafiyarki direba ya kawo mini kwali daga Abijan, saƙon babban yaron nan naki wanda ba ki faɗin sunansa. Na buɗe, sai ga tarho marar igiya, fari tas, uwa da ɗa. Takardarsa da Faransanci take, mai ƙananan baƙaƙe, na aika aka kira Mushe Dauda, malamin boko, tunda shekara talatin ya yi yana koyar da yaran mutane. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fara hukunci. Uwar tana da igiya biyu, ɗaya ta shiga bango inda tsohon yake, ɗaya ta shiga wuta. Ɗan kuma dole ya kwanta kan uwar yini da kwana kafin a taɓa shi. Wannan na gane nan take. Ɗan maraƙin da bai sha dakashi, nonon farko, ba ai ba ya tsayuwa. Sai dai wutar Tawa kin san halinta, sau biyu ta tafi yawonta, sai da ya kwana biyu kafin ɗan idon nan ja ya koma kore.

Da ya ƙoshi na zaro masa ƙahonsa na ƙarfe, na fita da shi ina ƙidaya taku. Tsakar gida yana ji. Garken awaki yana ji. Zaure yana ji. Gindin bedi, itacen dogon yaron nan na ƙofar gida, inda muke majalisa, taku sittin da biyu, yana ji raɗau. In na wuce kantin Sule sai ya fara shuu kamar an zuba albasa a mai. Na ce madalla, iyakarsa iyakata ce, ni ma yanzu ban cika wuce nan ba.

Maɓallai biyu ne a samansa. Ƙarami na amsawa, babba kuma mai ruwan lemo. Mushe ya faɗi sunan babban da Faransanci, na gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa malami don ya wuce gaba. Ashe amsa-kuwwa ne, mai fitar da murya waje kowa ya ji, ya kuma kwashi muryar kowa ya kai wa na can. Ni kuwa babban yatsana kin san shi, yatsan da ya shekara talatin yana riƙe hancin bijimai daga Afala har Tebaram. Me zai yi da ƙaramin maɓalli?

Ranar Talatar nan bayan la'asar na fito da shi majalisa, kuma gaskiya don a gani na fito da shi. Ga Mushe, ga Sule, ga na'ibin liman, ga wasu biyu, ana shayi ana gardamar jam'iyyu, kowa na cewa tasa ce za ta biya albashin da aka yi wata da watanni ba a gani ba. Sai tarhon ya yi kuka, kukansa na farko. Na danna babban. Muryarki ta fito tsakiyar tabarma kamar kina zaune tare da mu. Na ɗauka haka sababbin suke magana. Har hannu na ɗaga musu su yi shiru, su ji yadda Damagaram ta matso kusa. Kika ce Malam ina wuni, kika tambayi akuyar nan mai ciki, kika tambayi ko an gyara indararo kafin ruwa. Ina shirin cewa ga su Mushe suna gaishe ki, sai kika ja numfashi, kika riga ni.

Kika ce, "Attaher, na yi begenka."

Wayyo Allah! Shekara arba'in da ɗaya! Ke da ko ɗan maƙwabta mai irin sunana "mai sunan Malam" kike ce masa. Ke da aka taɓa tambayar sunan mijinki a asibiti kika kira wata mata ta faɗa a madadinki. Daga baya Maimuna ta gaya mini inda kike: cikin ɗan ɗakin gilashin nan na gidan waya, kin ja ƙofa kin rufe. Na zauna na yi lissafi. Gidan da muka fara zama akwai innata da ƙannena. Da suka ragu yara suka cika shi. Da yara suka tashi jikoki da baƙi suka maye. Ashe tunda aka kawo ki, ba a taɓa ba ki ƙofar da za ki rufe ki yi magana da ni ke kaɗai ba sai ranar nan, a garin mutane. Kina ganina a zuciyarki cikin ɗaki, ni kaɗai, riƙe da tsohon baƙin. Kika buɗe abin da kika adana tun kina yarinya, ni kuwa na shanya shi a bakin hanya.

Shayi ya sarƙe Sule, dariya ta fito masa ta hanci. Kika ji shi. Na ji lokacin da kika ji shi. Sai ƙit, layi ya mutu.

To, ga labarin Tawa tun daga ranar. Kafin magariba Kulu matar Sule ta kai shi gida bakwai. A gidan suna mata na tambayar juna ko su ma a kai su Damagaram su koyo. In na wuce kasuwa sai in ji an yi siririyar murya a bayana ana kiran sunana. Na'ibi ya same ni ya ce in yi haƙuri, zamani ne, in mayar da abin cikin kwalinsa. Yayanki ya aiko daga Barmu wai a bar ki can har maganar ta kwanta, ko da bayan kaka ne. Na Abijan ma ya kira yana ba da haƙuri, wai zai aiko da wani marar babban maɓalli.

Ban mayar da shi kwali ba, kuma ba zan mayar ba! Haƙurin me za a ba ni? An yi mini sata ne? Ni da aka ba abin da duk majalisar nan babu wanda aka taɓa ba? Sule ya yi dariya, na yarda. Amma ke ba ki ga abin da na gani ba. Mushe bai yi dariya ba. Matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan. Ya cire tabaransa yana ta gogewa da bakin riga, gilashin da babu komai a kansa, har shayinsa ya huce. Washegari ya ce mini shi har aka kai ta bai san yadda sunansa yake a bakinta ba. Wannan labarin kam, Kulu ba ta kai shi gida ko ɗaya ba.

Kuma dubi ƙasar da muke ciki. Tun babban taron ƙasa na shekara huɗu baya bakin kowa ya buɗe. Ɗalibai sun faɗi tasu, 'yan ƙwadago sun faɗi tasu, an kira manya da sunansu a rediyo wata uku cur, muna zaune gindin bedin nan muna ji. Sule da kansa ya hau bayan mota da amsa-kuwwa yana kiran sunan ɗan takarar da bai san an haifi Sule ba, har muryarsa ta dishe. Wannan ba abin kunya ba ne, sai tsohuwa ta kira mijinta na sunna sau ɗaya, a hankali? In kowa ya samu 'yancin bakinsa, ke ce za a hana naki?

Ba na raina kunya, kada ki ji ni ba daidai ba. Da ita kika riƙe gidana, kuma ta yi miki kyau kamar yadda lalle ke yi wa tafin hannunki. Na tuna shekarar fari, da shanu suka zube a hanyar Tebaram na dawo ba ni iya haɗiye ko ruwa. Kika dama ɗan geron da ya rage, kika aje gabana, kika ce ke kin riga kin sha. Ƙarya kike, na ga leɓenki. Ranar sunanki ya zo mini har kan harshe, na ji innata na motsi a tsakar gida, na haɗiye shi tare da furar. Kin ga ashe ni ma ina da nawa ajiyar. "Ke", "uwar yara", "mutanen gida", da su na yi ta fakewa. Ke ce jarumar, kika riga ni fitowa fili, sai aka bar ki tsaye ke kaɗai cikin rana. Wannan ne ba zan yarda da shi ba.

Ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Juma'a ta sama, bayan la'asar, ki koma ɗan ɗakin gilashin nan. Maimuna ta buga miki lamba ta fita, ki ja ƙofa. Ba sai kin ce komai ba, ko sallama na yafe miki. Ni zan bar ɗan kan uwarsa tun safe ya sha ya ƙoshi. Na gayyaci Mushe da na'ibi, na gayyaci Sule, na ce ya zo da Kulu ta tsaya daga zaure don kada labari ya canza a hanya. In ya yi kuka zan danna babban maɓallin, wannan karo da sanina, don ki ji su kamar yadda kika ji su ranar nan. Sannan in miƙe tsaye, in kira sunanki sau uku, in faɗi abin da kika faɗa mini. In dariya ce a yi mana tare. In wuta ta tafi, na sayo doguwar igiya, zan jawo tsohon baƙin har bakin zaure. In kuma ba ki kira ba, wallahi zan faɗa duk da haka, bedi ya shaida, sai dai in ji haushin ba ki ji ba.

Daga nan ki ɗaure kayanki. Shamuwa ta sauka kan gawon bayan masallaci tun shekaranjiya, gabas ta fara haɗa baƙi, indararon na gyara shi da hannuna, akuyar ta haifi biyu. Irin gero yana nan inda kika rataye shi, kuma ban taɓa zuba iri a rami ba sai kina biye kina rufewa da ƙafa. Bana zan fara? Ki shigo Tawa da rana tsaka, ta babbar hanya, ni zan tarye ki a tasha in ɗauko miki ƙullinki a gaban kowa.

Ya ke farin watan idona, ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, har yau bakina bai saba ba, ina ta gwadawa a garke, awaki na kallona. Bari hannuna ya riga shi, tunda shi ya jawo mana wannan.

Zaliha. Zaliha. Zaliha, na yi begenki.

Maimuna, kin karanta mata da ƙarfi? Sake.

Naki tun rijiyar Barmu, naki har ranar da za a kira sunana ban amsa ba,

wanda kika kira,
Attaher