Ba Ni Ke Gyara Ruwan Ba

Yaya,

Na fita aiki kina barci.

Jiya kin yaba mini yadda ruwan wurin ninkaya yake garau, ban faɗa miki gaskiya ba. Ki yafe ni, wallahi ba aikina ba ne. Tun rasuwar Baba ban taɓa ruwan nan ba. Na zaci ke ce.

Ranar Litinin na kulle sito na tafi da makullin. Yau da safe na buɗe, na tarar kulorin, maganin tsaftace ruwan, ya ragu. Na tsoma takardar gwaji a ruwan, komai daidai. Ko ganye ɗaya babu, duk da iskar jiya. Ragar kwashe ganyen kuma a jiƙe take, rataye a ƙusar ƙasa. Kin san Baba ne kaɗai ke rataye ta can saboda ciwon kafaɗarsa.

Kada yara su shiga ruwan sai na dawo.

In kin ji motsi a bakin ruwan, kar ki leƙa, ki yi sallama kawai. Ni da na yi ɗazu, an amsa.

Ƙaninki