Matan da Suka Tafi da Baban Zakiyya

Daura, 4 ga Maris

Baban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ko da yake na ji kana cikin jin daɗi a Singafo. Mu nan ƙalau muke. Inno, mahaifiyarka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Jiya abokin ɗakinka Rahim, wanda ka ce kana koya wa Hausa, ya turo mini saƙon murya. Turancinsa ya fi ƙarfin wanda na koya a sakandare, amma na ji sunanka, na kuma ji ya ce mata sun tafi da kai, har sau uku. Kowace magana sai ya rufe ta da "la", kamar mai yi mini dariya. Lallai ka iya koyarwa. Sarin wayoyi ka ce mini za ka je, ban san har da wannan sana'a ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na toshe lambarsa, da wata baƙuwar lamba da ta dame ni da kira. Zan ɗauki hoton takardar nan in tura maka. In matan sun ba ka wayarka, ka karanta.

Siddiƙa

Daura, 29 ga Maris

Baban Zakiyya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka? Suna ba ka abinci? Rahim ya ce takarda kawai ake barin ta shigo muku, shi zai kai maka wannan.

Ƙanwata Rauda, mai koyar da Turanci a Mai'adua, ta zo ta tarar na rame. Na kunna mata saƙon don ta taya ni fushi. Ta saurara, ta sake saurara, ta yi bincike a wayarta. Ta ce Turancin mutanen can gauraye yake da harshen Malay da na Sin da na Tamil. Wannan "la" ɗin ba dariya ba ce, haka suke ƙarasa magana. "Mata" kuwa ido ne a harshen Malay, kuma da shi suke kiran 'yan sanda.

Ashe bawan Allah nan cewa yake 'yan sanda sun kama ka, ana zargin wayoyin da ka saya na sata ne. Baƙuwar lambar ta lauyanka ce. Hoton takardun cinikinka na baya da mai shagon da ya sayar maka da wayoyin kawai yake nema, don a ga tsohon abokin hulɗarka ne. Suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Kullum sai na buɗe akwatin nan.

Na buɗe lambarsa da ta Rahim, na tura su a ranar. Lauya ya ce sun iso bayan alƙali ya yanke maka shekara biyu, amma zai gwada ɗaukaka ƙara. Bai yi mini alkawari ba.

Ina jin kunyarka, ina jin tsoron haɗuwarmu. Shekara tara muna tare, ban taɓa kama ka da ƙarya ba, amma kalma ɗaya ta ishe ni in yarda da mafi munin zato. Inno ta san an tsare ka, ba ta san hannuna a ciki ba. Gobe zan durƙusa in faɗa mata da bakina.

Zakiyya na gaishe ka. Rahim ya ce kullum kana tambayarsa ko ba ni da lafiya ne, shi ya sa ban ɗauki waya ba. Lafiyata ƙalau a lokacin, Baban Zakiyya.

Matarka mai neman gafararka,
Siddiƙa