Ranar da Yaya Malam Ya Zo Kallon Kasuwa

Zuwa ga maigidana, Baban Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kai, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, ina sanar da kai muna nan Gummi lafiya, ni da Inna da yara. Na san ba za ka karanta wannan ba. Masu bin shafina ne za su karanta, su yi haƙuri, yau ba zancen farashi zan yi ba, da mijina nake magana.

Maganar yara ce. Tun da na fita takaba, yayanka, Yaya Malam, yake aiko saƙo daga Anka cewa Sadiya da Habibu su koma gidansa, ni kuma in koma wurin iyayena a Bukkuyum. Hujjarsa guda ce, wai da kuɗin caca nake ciyar da marayun ƙanensa. Ka san shi, in ya kafe a kan abu, ko Inna da ta haife shi sai ta bi shi a hankali. Ni kuwa in aka raba ni da yaran nan, wallahi ban san abin da ya rage mini ba.

Kai ka jawo mini, ai. Kai ka dawo daga makarantar da kake koyarwa ka zaunar da ni a kan tabarma, ka nuna mini yadda ake sayen sulallan intanet, wato kuɗin kirifto, a waya da hantsi a sayar kafin la'asar. Na ce ni da ko awon gero sai an cuce ni, ina ni ina wannan? Ka ce wanda ya san ana iya cutarsa shi ake nema.

Ka fi wata kana koya mini kafin ka bar ni in taɓa jari. Ba a shiga da duka, sai da ɗan kaso. Ba a cin bashin kasuwa don a ƙara ƙarfi. Ba a shiga don wani a zauren waya ya ce a shiga. Sannan kafin a saya, sai an sa iyakar da in farashi ya faɗo ya taɓa ta, wayar za ta sayar da kanta, a ɗauki ƙaramar asara a fita. Kai ka raɗa wa wannan iyaka suna turke, don ka ce zuciyata akuya ce, in ba a ɗaure ta ba sai ta shiga gonar mutane. Na yi fushi ranar, har tuwonka na bari ya huce.

Dokar da ta fi ci mini rai ita ce ta ƙarshe: in turke ya tsinke, wato wayar ta sayar da asara, sau biyu a yini, kasuwa ta tashi. Mai wayar a cikinmu ya miƙa wa abokin zamansa, ba ya sake ganinta sai an yi la'asar zafin zuciya ya sauka. Sau nawa na bi ka har zaure ina roƙo kana dariya? Kai ma na sha ɓoye taka a tukunyar daddawa. Da ka rasu, Inna ce ta karɓi aikin. Ba ta san ja na faɗuwar farashi ba, ba ta san kore na hawansa ba, amma in ta ƙulle wayar a bakin zanenta, an gama magana.

To, makon jiya Yaya Malam ya zo da kansa. Ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan ji, zai zauna ya gani da idonsa. Tun da ya aiko zai zo na duƙufa da addu'a. Na yi ta roƙon Allah Ya ba ni yini mai kyau, ko ɗan riba kaɗan ne, in samu abin nuna masa.

Muka zauna a inuwar darbejiyar nan da ka dasa, inda sabis ya fi kamawa, Inna a gefe tana ɓarar gyaɗa. Na kifa turmi na jingina wayar a kai don ya gani sosai. Na yi masa bayanin komai, ya yi ta tambaya, wasu tambayoyin ma har na ji daɗinsu. Na nuna masa alamar da nake jira. Muka jira. Da ta bayyana na kafa turke na shiga.

Baban Sadiya, ko shayinsa bai shanye ba turke ya tsinke. Na ce masa haka take yi wani lokaci. Ya ci gaba da jan carbinsa. Can wajen walaha alamar ta sake fitowa, na sake shiga, farashi ya ɗan hau har na fara numfashi, sai ya juyo ya gangaro. Ina ganinsa yana matso turke, yatsana yana ƙaiƙayi in janye shi ƙasa kaɗan, kaɗan kawai. Na zauna a kan hannuna. Ya taɓa, ya tsinke.

Kuma ka san abin haushin? Turken yana fitar da ni sai farashi ya juya ya kama hawa. Kore, kore, kore. Sai na ga yayanka ya ajiye carbi ya matso da fuskarsa kusa da turmi.

"Ga shi yana hawa," in ji shi. "Koma mana, ki maido abin da ya tahi."

Na ce sau biyu ke nan, Yaya, kasuwa ta tashi. Na ɗauki wayar na miƙa wa Inna, kuma na san na miƙa ta ne ba tare da na nuna masa komai ba sai asara. A raina na ce shi ke nan, yara sun tafi Anka.

Shi kuwa sai ya miƙe tsaye. Mutumin da ya zo hana ni caca, shi ne yake ce wa Inna ta kawo wayar, wai dama ce za ta wuce, wai shi ya ba da izini. Har muryarsa ta canza. Inna ba ta ko ɗago kai daga gyaɗarta ba.

"Ba ni bayarwa," ta ce. "Ƙanenka ma ya roƙa a nan wurin, matarsa ba ta ba shi ba. Zauna."

Ya zauna. Sannan ya yi istigfari a hankali ya tashi ya tafi masallaci.

Bayan la'asar ya ce a buɗe ya gani. Ba zan ɓoye maka ba, da na koma da na ci riba mai kyau. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, har sai da na shiga ɗaki na share ido. Da na fito ya ce hukuncin cinikin kansa zai ƙara bincike, ya tambayi waɗanda suka fi shi sani. Amma ya ce ya ji kwaɗayin da yake jiye mini tsoro a nasa jikin, kuma ya ga ni ban bi shi ba. Yara su zauna, muddin dokar nan tana tsaye. Ran da ya ji na shiga sau na uku, ran nan zai turo mota.

Har ya sa takalmi, sai ya juyo ya tambaye ni, ran da babu Inna fa, wa zan miƙa wa? Ya fita ya bar ni da tambayar.

Ga ranar ta zo tun ban shirya ba. Inna ta tafi ta'aziyya ƙauye tun jiya, yara suna makaranta, gidan ba kowa. Yau ma turke ya tsinke sau biyu. Na kifa wayar na yi shara, na wanke kwanukan da na riga na wanke, na dawo na ɗauke ta. Na leƙa, Allah Ya yafe mini, yana hawa. Babu mai gani, babu wanda zai kai labari Anka. Sai na rufe kasuwar na buɗe wannan shafi na kama rubuta maka, don yatsana ya samu abin yi.

Na yi kewarka, Baban Sadiya. Kewar dariyar nan taka mai ban haushi in kana riƙe da wayata, ita nake yi yau fiye da komai. Yanzun nan na ji ladan ya kira la'asar, ga muryar Habibu a ƙofa yana faɗa da Sadiya a kan wa zai fara shiga. Ban koma kasuwar ba. Yau dai kai na miƙa wa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta, Ya sanyaya maka kabari. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya bar mini 'ya'yana a gabana, Ya riƙe mini hannuna gobe kamar yadda Ya riƙe yau. Amin.

Taka har kullum,
Maman Sadiya