Wanda Ya Leƙo Ɗakinmu ta Kwamfuta

Nima, Accra

Baban Fauziya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da aiki da zafin Tamale. Mu ma lafiya lau, Fauziya ta fara rarrafe.

Wani abu ya same ni, na kasa faɗa maka ta waya. Ka san mu masu rubuta manhaja ba ma ƙirƙirar komai daga tushe. Akwai ƙunshin da wasu suka haɗa suka sa a intanet kyauta, mukan ɗauko mu zuba cikin aikinmu, kamar yadda nake sayen yaji a hannun wadda na yarda da ita. To, wasu marasa tsoron Allah sun sace mabuɗin mai wani ƙunshi, suka cusa wa ƙunshin muguwar manhaja. Na sauke shi a kwamfutata ina cikin aikin asibitin haihuwar nan na Maamobi.

Abokin aikina Fawaz ne ya ji labari ya kira ni. Na shiga motar trotro na kai wa Abass mai gyara kwamfutar a New Town. Ya nuna mini cewa wani daga nesa yana shiga kwamfutata yadda ya ga dama. Har kyamara ya kunna.

Ka san inda take zama, a kan tebur, tana fuskantar gado. A nan nake shayar da yarinya, a nan nake sa kaya in na fito wanka. Da na dawo gida na ɗauko tsumma. Na goge kwamfutar da sabulu kamar najasa, alhali na san banza ne.

Taka,
Mulikatu

Baban Fauziya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin amsarka, Allah ya bar mu tare.

An share kwamfutar tas, na canja duk kalmomin sirri. Mafi ɗaci shi ne zuwa asibitin. Na tsaya gaban shugabar unguwarzoma na ce mata sunayen masu ciki da cututtukansu ƙila suna hannun baƙo. Ba ta zage ni ba. Ta zauna tana kiran matan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina miƙa mata lambobi.

Ba za a taɓa sanin ko wane ne ba, in ji Fawaz. Ƙila ma bai kalla ba. Ƙila.

Na koma aiki. Amma jiya na ga kaina na jawo mayafi kafin in ba ’yarka nono, a ɗakina, ƙofa a rufe.

Ka nemi hutu ka zo.

Taka har kullum,
Mulikatu