Ranar da Ka Ji Sanarwar Rasuwarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Mai Sanarwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ɗiya ga ubanta, cikin ladabin da ka koya mana. Ni ce Hafsatu, daga Ƙauran Namoda. Inna tana nan Shinkafi, ƙafar ce dai har yanzu. Na san mutane za su karanta wannan wasiƙa, kuma so nake su karanta.

Baba, daga tashar jirgin ƙasa ta garin nan ka tafi Kaduna kana saurayi, da allonka da rigarka ɗaya. Ka ce lokacin rediyo akwati ce da ake kafewa a bango da waya, tasha ɗaya, ba a murɗa ta ko'ina. Shara ka fara yi a gidan rediyo, har wani babba ya ji kana karanta wa masu gadi wasiƙunsu, ya kai ka gaban makirufo.

Daga nan aikinka ya zama sanarwa: aure, suna, cigiya, rasuwa. Ka ga zamanin faifai, ka ga na kaset, ka ga ranar da rediyo ta sauko daga bango ta koma rataye a kafaɗar makiyayi. Kafin ka ajiye aiki tashoshi sun cika birnin, kowace tana karanta abin da aka miƙo mata.

Kai kuwa ba ka karanta rasuwa sai ka tambayi wanda ya kawo ta. Kakan ce, "Kai kag ga an rufe shi, ko ji ka yi? In ji ka yi, koma ka gano." Mutane sun sha yin fushi da kai a kan haka.

Da ka dawo gida ka kama noman albasa a fadamar gadonku, wadda kuke tarayya da ƙanenka, Baffa Sale. Kana hanyar Zurmi zuwa gaisuwar wani abokinka mara lafiya 'yan bindiga suka tare motarku. Ina da tsohon ciki a lokacin.

Baffa suka riƙa kira, don shi ne babba a gida. Mun roƙe shi a sayar da fadamar, ya ce a yi haƙuri, yana magana da su. Rannan da hantsi ya shigo yana share ido da bakin rawani, ya ce sun bugo, ciwon suga ya tashi, ka cika. Washegarin da na haihu ke nan.

Da kansa ya aika sanarwa Kaduna, don abokan aikinka su ji. Ina kwance da jaririya muka saurara. Aka yi zaman makoki, aka ci gumba, Inna ta shiga takaba. Baffa ya zauna a tabarmar gaba yana amsa gaisuwa.

Inna ta fita takaba ke nan wani mutum ya yi sallama. Garba sunansa, ɗan Galadi, mai sayar da awaki. Ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Ya ce da sarƙa ɗaya aka ɗaure ku, kuma ya yi maka alkawarin zai zo.

Baba, ashe ka ji.

Ya ce kullum da safe 'yan bindigar sukan rataye rediyo a reshen bishiyar da kuke ƙarƙashinta. Ran nan aka karanto sunanka, da garinku, da aikin da ka yi, kana zaune. Sun yi dariya har wani ya faɗi. Babbansu ya ce tun da jimawa ƙanenka ya gaya musu su riƙe ka, tsoho ne, ba mai sayar da gona a kansa. Wai daga nan Baffa ya kashe wayarsa.

Tun ranar suka koma kiranka Gawa. In an zo rabon tuwo sai su tsallake ka, su ce gawa ba ta ci. In sun gaji da zama sai su tsayar da kai, su miƙa maka bakin bindiga a matsayin makirufo, su ce maimaita musu sanarwar da muryar gidan rediyo. Garba ya ce kakan yi, tun daga innalillahi har ƙarshe, ba ka taɓa tuntuɓen harshe ba. Shi yake ɓoye maka loma a cikin hularsa.

Sai da damina ta yi nisa ka rasu, makonni bayan mun gama karɓar gaisuwarka. Garba da wani suka haƙa maka rami da itace.

Malamin unguwa ya ce idda daga ranar rasuwa ta gaskiya take farawa. Inna ta tashi. Ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunnen da ta mayar, ta sake ɗauko zanen takabar da ta riga ta wanke ta ninke.

Baffa yana nan lafiya. Bana albasarsa ta yi kyau, har Kudu aka kai ta. Na tare shi a zaure na faɗa masa abin da Garba ya ce. Bai ko ɗago kai daga carbinsa ba. Ya ce, "To, ai dai ya mutu, ko ba ya mutu ba?" Dattawan gida suka ce in rufa asirin zuri'a. Ban rufa ba, Baba. Ga shi nan.

Akwai abu ɗaya da Garba ya ajiye sai da zai tafi. Ya ce ranar da aka karanto sanarwar, suna ta dariya, kai kana kasa kunne har ƙarshe. Da aka zo wurin iyalin da ka bari, aka ce jikoki tara. Ka lissafa a yatsu, ka juyo ka taɓa shi, ka ce, "Takwas na baro. Ashe Hafsi ta sauka." Ya ce murmushi ka yi ta yi har azahar.

Mace ce, Baba. Sunanta Aminatu. Ta fara takawa, tana da faɗin goshinka, kuma in ta yi kuka har maƙwabta suna ji.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka ramin da ban san inda yake ba. Allah ya ciyar da kai daga abincin Aljanna, ya saka wa Garba da alheri, ya ba Inna sauƙi. Baffa kuma ban yafe ba, na bar shi da Wanda ya san ranar da ka rasu.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Hafsatu