Wai Wani Masunci

Ƙanwata Hajo,

Gaisuwa mai yawa. Ya mutanen Kafur, ya damina? Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Tun shekarar da motoci suka koma hannun dama a ƙasarmu nake Kwatano, ina ɗaukar wa wani Bafaranshe mai zanen teku kaya. Ya rasu da azumi. 'Ya'yansa sun rataye zane-zanensa don a zo kallo, har da wanda ya zana ni a ciki. Aka karanta mini rubutun ƙasansa, wai "wani masunci". Ni Sama'ila, ɗan manomin auduga, ko kwalekwale ban taɓa takawa ba. Na yi magana, suka ce an riga an buga.

Allah ya raya jikoki. Gobe da safe zan kai kujerata gindin zanen, kowa ya tsaya in gaya masa sunana da na ubanmu.