Harawar Yayana A Littafin Dakta

Salamu alaikum 'yan gida. Admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Ni malamin kimiyya ne a wani kwalej cikin yankin Magarya. Ina da aboki tun muna lakwal, wato makarantar boko, a Waca, benci ɗaya muka zauna, shi ya wuce iniversite yana neman zama dakta, ni na dawo gida na riƙe alli. Shekarun baya ya zo mini da wata na'ura mai eriya kamar faifai, ya ce a kafa ta a kan soron gidanmu. Can sama da inda jirgi ke bi akwai wani sashe na iska da rana ke cika shi da ƙwayoyin lantarki, yawansu na canzawa da lokutan shekara, shi ne ma ke sa GPS ya kauce wani lokaci. Ya ce yanzu ƙarfin da rana ke turo wa sashen nan ya lafa, sai shekaru kafin ya sake lafawa haka, yana so ya auna namu na arewa ya gwada da na wata tasha a kudancin duniya. Ya rantse mini aikin namu ne mu biyu, sunana zai fito kusa da nasa.

Shekara uku ina hawa soron nan, in share eriya, in duba batir, in rubuta komai a littafi. Matata har tsiya take mini wai na fi kula da faifan nan a kan 'ya'yana.

Kaka ta biyu aka tura ni horo Damagaram. Yayana ya kwaso harawar wake daga gona, kun san mu a kan soro muke jibge ta saboda awaki, ya danne eriyar ɗungurungum, wajen wata biyu. Da na dawo na kwashe, na rubuta ranakun, na kira abokina na faɗa masa awon watannin nan ya lalace. Ya ce kar in damu, zai cire su.

Satin da ya wuce ya aiko mini littafin da ya rubuta na neman dakta. Na duba daga bango zuwa bango babu sunana, sai wani layi da ya ce "wani mazaunin garin" ne ya kula da tashar. Wallahi na ji ciwo, amma na haɗiye. Abin da ya kashe mini jiki shi ne babban abin da ya ce ya gano, wai a lokacin kaka awon namu ya bambanta da na kudu fiye da yadda aka sani. Na ɗauko littafina na gwada, watannin harawar ne cif. Bai cire komai ba.

Na kira shi, ya yi ta kwana-kwana, wai malamansa sun riga sun yaba, wai in aka taɓa wannan babin aikin duka ya rushe. Da na matsa sai ya ce, "Haba mushe, wa zai zo Magarya ya hau soronku?" Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya, yau ni ne mushe, yadda 'yan lakwal ke kiran malami.

To ashe ba don in karanta ya aiko ba. Malamansa sun nemi takarda daga mai kula da tashar, cewa ta yi aiki babu tangarɗa, sai yanzu aka tuna ina da suna. In na sa hannu na yi ƙarya, ranar da ta fashe ni za a nuna. In na ƙi, shekarunsa sun tafi, ga mahaifiyarsa da ta riƙe ni kamar ɗanta har ta ɗinka kayan zuwa bikin ba shi dakta.

Alhamis zai zo karɓar takardar. In sa hannu, ko in miƙa wa malamansa littafina? Don Allah kar ku ce in yi haƙuri kawai, haƙurin ba ya goge sa hannu.